Yaƙi Da Makanta: Sababbin Na'urori Da Koyar Da Aikin Ido A Maiduguri

Jawabin da aka yi wa taron 'yan Arewa mazauna Ikko



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne lafiyar ido, da yadda ake koyar da masu duba shi, musamman a Maiduguri. Kusan kowane ɗayanmu ya baro tsoho ko tsohuwa a gida. Sau da yawa saƙo ya kan zo cewa idon Baba ya yi rauni, ko kuma Inna ta daina gane fuska sai murya. Mu kan aika da kuɗin magani, mu ce tsufa ne. To, jama'a, yawancin wannan makanta tana da magani.

Daga 2005 zuwa 2007 an yi wani babban bincike a faɗin Nijeriya, aka duba idanun mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Dokta Fatima Kyari da abokan aikinta suka buga sakamakonsa a 2009. An samu cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru makafi ne, watau mutum wajen miliyan 1.13 a lokacin. Amma abin bai rabu daidai ba. A Kudu maso Yamma, inda muke zaune, kashi 2.8 ne. A Arewa maso Gabas kuwa, yankin da Maiduguri ke ciki, kashi 6.1 ne, watau kusan mutum ɗaya cikin 16. Babu yankin da ya kai shi.

Yanar ido ita ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kuma wajen kashi 17. Binciken ya nuna cewa kashi 84 cikin ɗari na makantar ana iya hana ta ko a warkar da ita. Waɗanda ganinsu ya yi rauni kuwa bai kai makanta ba, mafi yawansu tabarau kawai suke bukata. Har ila yau an gano cewa kusan rabin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, masu aikin gargajiya ne suka yi, waɗanda ke soka tsinke su ture yanar ta faɗa cikin ido. Da yawa daga cikin waɗannan idanu ba su ƙara gani sosai ba. Wanda ya miƙa idonsa ga mai tsinke ya yi haka ne domin mai tsinken ya iso ƙauyensu, ma'aikacin asibiti bai iso ba.

Ma'aikatan ido iri-iri ne, kuma ya kamata mu bambanta su. Akwai likitan ido mai yin tiyata. Akwai masanin awon ido, wanda ke auna ƙarfin gani, ya rubuta tabarau, ya gano cuta tun da wuri ya tura mai ita gaba. Akwai mai yanka gilashi ya haɗa tabarau, akwai kuma nas ɗin ido. Karatun awon ido shekara 6 ne a jami'a. An fara shi a Jami'ar Benin a farkon shekarun 1970, aka kafa hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a 1989. Shekaru masu yawa makarantun wannan fanni suna Kudu, irin su Benin da Uturu da Owerri, sai daga baya Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe nata sashen. Wanda ya yi karatu a wuri, galibi a nan ya kan nemi aiki ya zauna. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Arewa ta yi ƙarancin masu awon ido.

Duk da haka Arewa tana da tushe. Asibitin ido na Kano, wanda mishan suka buɗe a 1943, ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga ƙasashe maƙwabta. An kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da dokar 1979. A Barno kuma an kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, Shugaba Shehu Shagari ya buɗe asibitin koyarwarta a 1983. Asibitin nan yana yaye likitoci, yana kuma karɓar mutane daga Chadi da Kamaru da Nijar. Saboda haka duk abin da aka gyara a koyarwar Yerwa, amfaninsa zai wuce iyakar jiha.

To, me sababbin na'urori suka kawo? Abu na farko, kayan awo sun ƙanƙance, sun yi arha. Fitilar da ake leƙa cikin ido da ita, wadda Bajamushe Helmholtz ya ƙago a wajen 1851, a da tana da tsada. Yanzu akwai wata ƙarama mai suna Arclight, wadda Jami'ar St Andrews ta Sikotilan ta taimaka wajen kyautata ta. Tana shiga aljihu, ana cajinta da hasken rana, ɗalibi yana iya riƙe tasa tun daga aji.

Na biyu, wayar hannu ta zama allon awo. A ƙasar Kenya an koya wa malaman makaranta yin amfani da wata manhaja mai suna Peek. Malami ya kan nuna wa yaro alama a fuskar waya, wayar ta auna ganinsa, in akwai matsala ta aika wa iyaye saƙo. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa kashi 54 cikin ɗari na yaran da aka tura asibiti ta wannan hanya sun je, alhali ta tsohuwar hanyar takarda kashi 22 ne kawai suka je. Haka kuma daga 2012 zuwa 2016 an yi amfani da wayoyi wajen ƙididdige ciwon amosanin ido a ƙasashe 29, har da Nijeriya, aka duba mutum miliyan 2.6.

Na uku, an koya wa kwamfuta karanta hoton cikin ido. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'ura ta farko da ke gano ɓarnar ciwon sukari a ido ba tare da likita ya duba hoton ba. Nas a wani gari kamar Biu ko Monguno zai iya ɗaukar hoton, a tantance wanda ke bukatar ganin likita a Maiduguri da wanda zai koma gida.

Na huɗu ya shafi koyarwa kai tsaye. Da can mai koyon tiyata ya kan fara da idon dabba, sa'an nan ya matsa ga mutum. Yanzu akwai na'urar gwaji mai kwaikwayon idon ɗan Adam, inda ɗalibi zai yi aikin yana sau ɗari, na'urar tana nuna masa kurensa, ba wanda ya cutu. Ƙungiyar Orbis, wadda ta fara yawo da asibitin ido cikin jirgin sama a 1982, tana da dandalin koyarwa ta intanet mai suna Cybersight, inda ɗalibi ke sauraron darasi kyauta, likita kuma ya nemi shawarar gwanaye daga wata ƙasa.

Amma fa, 'yan'uwa, kada mu ɗauka sayen na'ura shi ne ƙarshen aiki. Maiduguri ta koya mana darasi a kan wannan. A watan Janairu na 2021 'yan ta'adda suka rushe turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu, har aka buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas a 2023. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga asibitin koyarwa ya taɓa kaya masu tsada. Don haka na'urar da ta dace da Barno ita ce mai jure ƙura da zafi, mai aiki da hasken rana, wadda kuma akwai ɗan gari da aka koya wa gyaranta. Bugu da ƙari, waya tana iya cewa yaro ba ya gani, amma ba za ta yanka masa tabarau ba. In babu ma'aikaci a ƙarshen hanya, awo ya zama banza.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga hukuma da shugabannin jami'a, a ƙarfafa koyar da awon ido da haɗa tabarau a Yerwa, a sa waɗannan ƙananan kaya a hannun ɗalibai, a riƙa fita da su sansanonin 'yan gudun hijira da makarantun firamare don su koya a kan mutanen da za su yi wa aiki.

Ga iyaye, muna zaune kusa da makarantun da ke koyar da wannan fanni. Yaron da ya ƙware a darussan kimiyya, mace ko namiji, a nuna masa wannan hanya. Ƙungiyoyinmu na kasuwa a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun suna iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu, bisa alkawarin zai koma gida ya yi aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga kowa da kowa, duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna idonsa. Hawan jinin ido ba ya zafi a farko, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Binciken da na ambata ya nuna cewa ko mutum ɗaya cikin goma na masu ciwon bai san yana da shi ba. Direbobi da teloli da masu ciwon sukari su ne ya fi kamata su gaggauta. In kun je gida da Salla, ku kai tsofaffinku asibiti da kanku. Aikin yana ba ya cin awa guda, ana sa ƙaramin gilashi a cikin ido, washegari a buɗe.