Rana Kyauta Ce, Amma Wa Zai Biya Kuɗin Wutar?



An ce in yi magana a kan inda riba take a harkar wutar sola da ta iska a ƙasashe masu tasowa. Zan kai ku Kenya, domin a can ne na ga darasin ya fi fitowa fili.

A arewacin ƙasar, kusa da Tafkin Turkana, akwai wani fili da iska ba ta hutawa. Masu jari suka kafa injinan iska 365 a wurin, masu ba da megawat 310. A farkon 2017 an gama komai, fuka-fukai na tsaye suna jira. Sai dai layin da zai ɗauki wutar zuwa Suswa, tafiyar fiye da kilomita 400, bai kammalu ba, saboda kamfanin ƙasar Sifen da aka ba kwangilar ya karye. Sai a watan Satumba na 2018 aka haɗa layin. Fiye da shekara guda ke nan iska na kaɗawa a banza.

To, wa ya yi asara? A nan gizo ke saƙar. Masu tashar sun riga sun ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da kamfanin rarraba wuta na Kenya Power, kuma a cikin sharuɗɗan akwai cewa in jinkiri ya zo daga ɓangaren gwamnati, sai an biya su. An kuwa biya. Lauyoyin da suka rubuta wannan takarda sun fi injiniyoyi amfani ga masu jarin a wannan shekarar. Ku yafe mini, injiniyoyin da ke zaune a sahun gaba.

Na san yawancinmu ba mu da jarin irin wannan aiki. Shi ya sa misali na biyu ya fi shafarmu. A 2011 aka kafa kamfanin M-KOPA a Nairobi. Kalmar kopa da Suwahili na nufin karɓar bashi, kuma sunan ya gama bayyana sana'ar. Matar ƙauye za ta ba da kafin alƙalami, a ba ta ƙaramin faifan sola da batir da ƙwayayen fitila da wurin cajin waya. Daga nan kullum ta tura kimanin shilin 50 a wancan lokacin ta M-Pesa, wato tsarin tura kuɗi ta waya, kuɗin da dā ma kananzir ke cinyewa. A cikin na'urar akwai layin waya. Ranar da ba ta biya ba, fitila ta ƙi kamawa. Ta biya, ta kama. Bayan kamar shekara guda kayan sun zama nata. Ba ɗan aike, ba mai bin bashi ƙofa-ƙofa, ba rantse-rantse. Duk wanda ya taɓa ba da kaya bashi a Kantin Kwari ya san darajar wannan. A ganina, abin da kamfanin ke sayarwa bashi ne, faifan sola jingina ce kawai, shi ya sa bai sha wahala ba da ya koma ba da wayoyin hannu a kan wannan tsari, har ya shigo Najeriya.

Faifan kansa ya yi araha. Farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, albarkacin masana'antun Sin. A 2024 kaɗai Pakistan ta shigo da faifan da ya kai gigawat 17, akasari manoma da masu masana'antu da magidanta ne suka saya da kuɗinsu saboda tsadar wutar gwamnati. Wanda ya tsaya ga saye da sayarwa kawai zai tarar kasuwar ta cika.

Saura maganar canji, wadda ba sai na koya muku ba bayan abin da naira ta gani tun 2023. Da dala ake sayo kaya, da shilin matar nan ke biya. A 2019 dala ɗaya shilin 100 ce ko kusa da haka. A Janairun 2024 ta kai 160. Ita dai shilin ɗinta take turawa. Masu tashar Turkana kuwa, da yuro aka rubuta farashin wutarsu tun farko.

Na ga shugaban taro yana duban agogo. Bari in tsaya nan, mu shiga tambayoyi.