Sifar Fifiko: Mu Faro Daga Harshen Da Yaro Ya Zo Da Shi



Duk shekara muna gyara kuskure guda a takardun 'yan aji biyar da shida: “most fiercest”. Yaro ya haɗa alamar fifiko biyu a wuri ɗaya, ya rasa maki a jarrabawar shiga sakandare. Haddar jerin kalmomi ba ta magance wannan ba. Abin da ke magance shi shi ne yaro ya gane cewa kowane harshe da hanyarsa ta nuna wanda ya fi kowa.

Latin, harshen Rumawan dā, ɗafi yake liƙa wa sifa. Ferox na nufin mai zafin rai; wanda ya fi kowa kuwa ferocissimus ne, mace ferocissima, jam'in maza ferocissimi. In zakin ne aikau, a ce leo ferocissimus. In shi ne karɓau, sai leonem ferocissimum. Daga ferox ɗin nan Ingilishi ya samo ferocious, wadda ke ɗaukar most, alhali fierce ɗafi take karɓa ta zama fiercest. Ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa su.

Larabci kuwa ƙirar kalmar yake sauyawa: shadid ya koma ashaddu, kabir ya koma akbar, mace kubra. Wannan ilmin sarfu ba baƙo ba ne a nan, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Bodinga, ya wallafa Al-Hisnur Rasin a kansa.

Hausa da aikatau take yi: zaki ya fi kura zafin rai, ya fi dukkan namun daji. Daga “fi” muka sami mafi da mafiya. Yaron da ke cewa ƙaƙƙarfan doki, ƙaƙƙarfar goɗiya, ƙarfafan dawaki, ya riga ya san sifa na bin jinsi da adadi.

Saboda haka muna roƙon kowane malami ya raba allo gida biyu: jumlar Hausa a dama, ta Ingilishi a hagu. A fara da dabbobi uku, yara su jera su da bakinsu, sa'an nan a nuna musu inda “fi” ta koma a ɗaya harshen. Wanda ya taɓa cewa “mafi mafi zafi” ya ji ajin ya yi dariya, da wuya ya sake rubuta “most fiercest”.