Cinikin Waya Da Jarin Baƙi: Ina Mai Kaya, Ina Alƙali?

Laccar da aka gabatar ga 'yan kasuwa da matasa a Birnin Gwari

  

Ya 'yan'uwa, mutanen wannan ƙasa ba su bukatar dogon bayani a kan darajar kasuwa. Kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari ta yi shekaru a rufe saboda ɓarnar 'yan bindigar daji, sai a watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe ta. A ƙarshen 2021 kuma, da aka katse layukan waya a wannan yanki, kowa ya ga yadda tura kuɗi da harkar POS suka tsaya cak. Ke nan kasuwa biyu gare mu: wadda ake zuwa da ƙafa, da wadda ke cikin waya. Ta farko tana da sarkin kasuwa da dillalai da shaidu. Ta biyun ita ce abin tattaunawarmu a yau.

Mene ne cinikin intanet?

Shi ne duk cinikin da tayi da sallamawa suka gudana ta na'ura, ba tare da mai saye da mai sayarwa sun haɗu a majalisi guda ba. Malamai ba su bar wannan mas'ala ba. A 1990 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Jidda, ta yanke cewa ciniki yana ƙulluwa ta tarho da fakis da kwamfuta. Sai dai ta ware abu uku: ɗaurin aure, saboda sharaɗin shaidu, canjin kuɗi, saboda sharaɗin karɓa hannu da hannu, da cinikin salam, saboda wajibcin biyan kuɗi gaba ɗaya tun farko.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ƙasarmu ƙasar zinari ce, zinari kuwa hukuncinsa hukuncin kuɗi ne. Wanda ya miƙa zinarinsa ga dillali aka ce masa za a turo kuɗi gobe, ya shiga ribar jinkiri. Idan kuwa kuɗin sun shiga asusunsa kafin su rabu, malamai sun ɗauki wannan a matsayin karɓa. Hoton rasit da aka nuna maka a waya ba karɓa ba ne. Duba asusunka tukuna.

Cinikin da ba shi da kaya

Shari'a ta hana garari, wato cinikin da ba a san kayansa ko ƙarshensa ba. A Disamba 2016 MMM, wanda wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro, ya rufe asusun 'yan Nijeriya bayan ya yi musu alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata. A Afrilu 2025 CBEX ya rushe da dukiyar jama'a, hukumar SEC mai kula da hannayen jari kuma ta ce bai taɓa yin rajista da ita ba. Shekara takwas da 'yan watanni tsakaninsu, amma tarkon ɗaya ne: babu hatsi, babu saniya, babu masana'anta, kuɗin na baya ake biyan na gaba da su. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Jarin baƙi fa?

Kada a fahimce mu a baibai. Mu'amala da baƙo ba haramun ba ce. Annabi (S.A.W.) ya bar wa Yahudawan Haibara gonaki su noma a raba amfanin. Sayyidina Umar (R.A.) ya bar fataken Rumawa su shigo da kaya, amma ya aza musu ushira, daidai da abin da ake karɓa daga fataken Musulmi a ƙasashensu. Ma'ana, baƙo ya shigo, amma a san shi, ya kuma biya haƙƙin ƙasa.

Dokar zuba jari ta 1995 ta ba baƙi damar mallakar kamfani ɗungurungum a Nijeriya. Jumia da aka kafa a Legas a 2012 da jarin Jamus ta fara. OPay da PalmPay da matasanmu ke riƙe da su jarin China ne. Bambancin irin waɗannan da CBEX shi ne suna da rajista da ofis, ana iya kai su ƙara. A 2025 an sa hannu kan sabuwar dokar hannayen jari, wadda ta shigar da kadarorin intanet ƙarƙashin SEC, ta kuma tanadi ɗauri ga masu irin wancan tarko. Mun yaba. Amma dokar da ke Abuja ba za ta amfani manomin da bai san da ita ba.

Kiranmu

Ga hukuma: a fassara waɗannan dokoki da Hausa, a karanta su a rediyo, a kuma tilasta wa duk kamfanin waje da ke karɓar kuɗin talakawa ya aje wakilin da kotu za ta iya kira.

Ga malamai: a dawo da karatun Babin Ciniki a masallatai, kamar yadda ake karanta Babin Tsarki.

Ga kai ɗan'uwa: kafin ka danna waya, tambayi kanka abu uku. Me nake saye? Wa ke sayar mini? Idan ya cuce ni, gaban wane alƙali zan kai shi? In ɗaya ta rasa amsa, mayar da wayarka aljihu.

Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu, Ya dawwamar da zaman lafiya a ƙasarmu.