Kakin Zuma Da Man Goge Katako: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Zagayowar Shekarar Ƙungiya

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwana na Jega, da baƙinmu da suka taso tun daga Aliero da Maiyama, sannunku da zuwa. Allah ya maida kowa gida lafiya.

An ce in yi bayanin man goge katakon da ɓangarenmu ya fara haɗawa. To zan fara da asarar da muka yi, don kuɗin adashinku ne ya ƙone a ciki, kuna da haƙƙin ku ji.

Bara da bazara muka cika gwangwani 30, aka sa a bayan mota za a kai Aliero. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, kun sani. Amma kafin a sauke, rabi ya narke ya tsiyaye cikin kwali. Matar da ta yi oda ta kira ni ta ce, "Yaya, wanga abu mai ne ko miya?" Wallahi na rasa bakin magana. Laifin nawa ne, ni na bi awon da na gani a waya, na mutanen ƙasashen sanyi: kaki kashi 1, mai kashi 4. A can yana daskarewa. Nan kuwa, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ba zai tsaya ba.

Ga abin da ya kamata mu riƙe. Kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 64. Man kaɗanya kuwa zafin jikin mutum ma yana narkar da shi, shi ya sa yake bin tafin hannu. Ke nan kakin ne ƙashin bayan haɗin, mai kuma shi ke shiga cikin katako. In kin rage kaki don ki samu riba, rana za ta tona miki asiri. Awonmu yanzu, da gwangwanin madara kuma bayan an narkar: kaki 1, man kaɗanya 1, man kwakwa 2. Wannan na hunturu ne. Da bazara sai mu ƙara rabin gwangwani na kaki. Man gyaɗa mun gwada mun bari, don bayan 'yan watanni warinsa yana canzawa, kujera ta riƙa danƙo tana kama ƙura.

Ina ake samun kakin? A saƙar zumar da ake zubarwa. 'Yan uwanmu na Maiyama, ku da mazajenku ke ɗora amya a itace, ku tambaye su ina saƙa take zuwa bayan an matse zuma. Yawanci yara ke tsotsewa su tofar. A Habasha wannan abin har ƙasashen waje ake fitar da shi. Ki tara saƙar, ki ɗaure a tsumma mai tsabta, ki nutsa a tukunyar ruwan zafi. Kakin zai fito ya taso sama. Ki sauke ki bar shi ya kwana. Da safe za ki tarar da shi kamar faifai a kan ruwa, sai ki kankare dattin da ke ƙasansa. Kada ki yi a tukunyar ƙarfe mai tsatsa, baƙi zai yi. Kuma ki yi da dare, don in ƙudan zuma suka ji ƙamshin nan da rana, sai kin bar musu tsakar gidan.

Yanzu maganar wuta, a nan nake so ku buɗe kunne. Kaki ba a dafa shi, kuma ba a ɗora shi kan murhu kai tsaye. Tukunya biyu ake yi: babba da ruwa a kan wuta, ƙaramin kwano da kaki a cikin ruwan. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai tafasa, saboda haka kakin ba zai kai ga kamawa ba. Kaki ake fara narkarwa, sannan man kaɗanya, sannan man kwakwa, ana juyawa a hankali. In tsautsayi ya sa ya kama da wuta, kada wadda ta watsa ruwa, fallatsa zai yi ya bi jiki. A rufe da murfi, ko a zuba rairayi. Mai goyo ta sauke goyonta tukuna, na roƙe ku.

Kafin ki zuba a gwangwani, ɗiga cokali guda a faranti ya huce, ki danna da yatsa. In ya dare, ƙara mai. In ya bi yatsan, ƙara kaki. Mu yanzu har gwangwani ɗaya muke ajiyewa a ɗakin kwano tun azahar har la'asar. Wanda ya tsira a nan, zai tsira a mota.

Wata ɗiyata mai karatu a jami'ar Aliero ta ba ni labarin wani kaki da ake cirewa daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a ƙasar Brazil, sunansa karnoba, sai zafi ya wuce digiri 80 yake narkewa. Yana da kyau, amma sai an yi odarsa. Ni dai ban ga dalilin kai kuɗinmu can ba alhali saƙa na zube a bayan gida. Abin da za a kiyaye shi ne kakin kasuwa, wasu na haɗa shi da kyandir. Na gaske yana ƙamshin zuma, in kin murza shi a hannu yana laushi ba ya marmashewa.

Shafawa kaɗan ake yi da tsumma, a bari ya sha kamar minti 20, a goge da busasshe. Akushi, muciya, kujera 'yar tsugunno, gado da sif ɗin amarya, duk yana kare su daga tsagewar hunturu. Tunda ba mu sa kananzir, ba fargaba ko a kan abin cin abinci. Allon yara kaɗai za a tsallake, in kin shafa masa tawada ba za ta zauna ba, ki haɗa ni faɗa da malam.

Kafintocin Jega biyu sun karɓi na gwaji, muna jiran amsarsu bayan salla. Wadda ke da saƙa a gida ta ba sakatariya sunanta kafin a tashi, za mu auna mu biya.