Allahntaka Da Mutuntakar Almasihu: Jayayyar Da Ta Raba Ikilisiya

Bayan da Majalisar Nikiya ta zauna a shekarar 325 ta yanke cewa Almasihu zatinsa ɗaya ne da na Uba, malaman Kirista ba su huta ba, domin kuwa amsar ta haifar da tambayar da ta fi ta wuya. Idan shi Allah ne bisa ga imaninsu, to, wane ne ya ji yunwa, ya gaji, ya yi kuka, ya mutu a kan gicciye? Wannan ba gardamar hira ba ce a wurinsu, gama ceto kansa ya rataya ne a kanta: idan ba cikakken mutum ba ne, bai wakilci 'yan Adam ba, idan ba cikakken Allah ba ne, ba shi da ikon cetonsu.

Makarantu biyu suka yi fice. Malaman Iskandariya ta Masar sun fi ƙarfafa kasancewarsa ɗaya, malaman Antakiya kuwa suna tsoron kada a narkar da mutuntakar cikin allahntakar. Rigima ta tashi sa'ad da Nestoriyus, ɗalibin Antakiya, wanda ya zama bishof na Kustantiniya, watau Santambul ta yau, a 428, ya ƙi yarda a kira Maryamu Mahaifiyar Allah, ya ce a kira ta Mahaifiyar Almasihu. Siril na Iskandariya ya ga wannan raba Almasihu biyu ne, Majalisar Afisa kuma ta tuɓe Nestoriyus a 431. Ba a jima ba sai wani tsohon shugaban gidan sufaye mai suna Yutikis ya zarce ta ɗaya gefen, ya ce bayan haɗuwa ɗabi'a guda ce kawai ta rage.

Sarki Markiyan ya tara bishof-bishof a Kalsidon a watan Oktoba na 451. Abin da suka tsayar, tare da dogaro da wasiƙar Paparoma Liyo na Roma, shi ne Almasihu ɗaya ne cikin ɗabi'u biyu, ba su cakuɗe ba, ba su sāke ba, ba su rabu ba, ba su kuwa ware ba. Mai lura zai ga cewa dukan kalmomin huɗu na korewa ne. Majalisar ta kafa shinge ne kawai, ba ta yi da'awar bayyana abin da ke cikin shingen ba, kuma a nan hikimarta take.

Amma Diyoskorus na Iskandariya da mabiyansa sun yarda a ce Almasihu daga ɗabi'u biyu yake, sun ƙi a ce cikin ɗabi'u biyu yake. A harshen Girka bambancin "daga" da "cikin" harafi ɗaya ne tak. Kada a raina harafin nan. An tuɓe Diyoskorus aka kore shi, wanda aka naɗa a gurbinsa kuwa, Furoteriyus, jama'ar gari suka kashe shi a 457. Lalle akwai kishi tsakanin Iskandariya da fadar sarki a cikin lamarin, amma kuskure ne a ce siyasa ce zalla.

Kibɗawan Masar da Habashawa da Armeniyawa da yawancin Suriyawa ba su karɓi Kalsidon ba. Su kansu sun la'anci koyarwar Yutikis, suna cewa ɗabi'a guda ce haɗaɗɗiya wadda ba ta rasa kome ba na allahntaka ko na mutuntaka. Ikilisiyar ƙasar Najjashi, wanda ya karɓi sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, tana wannan ɓangare ne. Sai a 1973 Paparoma Bulus na Shida da Shenuda na Uku, shugaban Kibɗawa, suka sa hannu a Roma a kan sanarwar cewa sun yi tarayya cikin imani game da Almasihu, ko da yake ikilisiyoyin biyu ba su haɗe ba.