Sa Ido kan Abin da Manhaja Ke Ci Lokacin Gwaji: Lacca ga Masu Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai

Gwajin manhaja na kai tsaye shi ne a rubuta wata ƙaramar manhaja ta riƙa jarraba babbar, tana cike gurabe, tana danna maɓallai, tana duba ko amsar da ta fito ita ce ake jira. Selenium, wadda aka fara a 2004, da JMeter da Jenkins suna cikin kayan da aka fi yin wannan aiki da su. Idan komai ya tafi daidai sai alama ta nuna kore. Koren nan yana shaida cewa lissafi ya fita. Ba ya faɗin irin ƙarfin da kwamfuta ta kashe kafin lissafin ya fita, kuma a nan ne yawancin ɓarnar take ɓuya.

Abubuwa huɗu manhaja take ci a jikin kwamfuta: lokacin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafi, da ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, da faifan ajiya, da layin sadarwa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin janareta a wata masana'antar roba a Sharaɗa ya ga misalin aikin. Mai kula da injin ba ya gamsuwa da jin ƙararsa. Yakan leƙa agogon zafi da na mai, ya rubuta a littafi, don ya san injin da zai mutu gobe yau ma yana ba da wuta. Abin da ake nema ga mai gwajin manhaja ke nan.

A cikin huɗun nan RAM ta fi cancantar a tsaya a kanta, saboda cutarta ba ta nuna kanta da wuri. Manhaja takan ari wuri a RAM don wani aiki, idan ta gama ta mayar. Idan marubucinta ya yi kuskure, sai ta riƙa ara ba ta mayarwa, kamar randa mai tsaguwa a gindi. A ɗauki manhajar sikelin manyan motoci a ƙofar wata majema a Challawa, a ce kowace takardar awo tana riƙe megabait 1 da ba ta saki. Gwajin da ya buga takarda 20 zai ci megabait 20, ba wanda zai lura, kuma kore zai fito. Amma idan ƙofar tana fitar da takarda 400 a yini, kwamfutar kuma megabait 2,000 ya rage mata bayan sauran ayyukanta, to a kwana na biyar za ta fara nauyi, sannan ta daskare, tireloli su yi layi har titi. Ma'aikaci zai kashe ta ya kunna, ta warke, a ɗora laifin kan wuta. Haka za a yi ta yi kowane mako ba a gano ciwon ba.

Wannan bai tsaya ga ƙananan ma'aikatu ba. A watan Janairu na 2004, motar bincike ta Spirit da hukumar NASA ta Amurka ta sauke a duniyar Mas ta daina aika bayani yadda ya kamata, ta shiga kashe kanta tana kunnawa. Da aka bincika sai aka tarar fayiloli ne suka taru a ma'ajiyarta tun daga tafiya, har lissafinsu ya cinye RAM ɗin da aka ware. Gwajin da aka yi a ƙasa bai tara fayiloli masu wannan yawa ba. Sai da injiniyoyi suka goge tarin fayilolin daga nesa ta koma aiki.

Yadda ake sa idon ba shi da wuya. Kafin a fara gwaji ana auna kwamfutar tana zaune, don a san abin da take ci ba tare da manhajar ba. Sannan a kunna ma'auni ya riƙa ɗaukar adadi, misali duk daƙiƙa 5, yana rubutawa tare da lokaci. A Linux akwai top da vmstat da iostat da sar, a Windows akwai Performance Monitor, masu kwamfutoci da yawa kuma sukan haɗa Prometheus da Grafana su ga komai a zane. Lokacin da ke jikin ma'aunin dole ya dace da na rahoton gwajin, in ba haka ba za a ga furosesa ta haura amma ba a san wane aiki ya haura da ita ba. Shi ma ma'aunin yana cin nasa rabon, don haka ba a matsa masa ya riƙa ɗauka fiye da buƙata. Abin dubawa a zanen shi ne inda layin ya nufa. RAM da ta hau ta sauko lafiya take. Wadda take hawa kaɗan-kaɗan ba ta dawowa ita ce mai yoyo, ko da adadin bai kai abin tsoro ba tukuna.

Sai kuma yanayin Kano, wanda littattafan waje ba su cika lissafa shi ba. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, furosesa kuma idan ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu tana toshe fanka. Wuta tana sauyawa daga layin KEDCO zuwa janareta sau da yawa a yini, kuma manhajar da wuta ta yanke mata tana tsakiyar rubutu takan bar tarkacen fayiloli da ke cika faifai. Manhajar da aka gwada a sabuwar laftof cikin ofis mai sanyi ba ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Daidai shi ne a gwada ta a kan irin tsohuwar kwamfutar da za ta zauna a ofishin sito a Bompai, a bar ta tana aiki dare da rana na kwanaki, da nauyin ranar biyan albashi, a kuma zare mata wuta da gangan a ga yadda za ta tashi.

Adadin da aka tara ba ya amfani sai an sa masa iyaka. A rubuta tun farko cewa idan RAM ta wuce kaza, ko faifai ya ƙaru da kaza, gwajin ya faɗi ko da lissafi ya fita daidai, sannan a ajiye zanen kowane gwaji don a kwatanta da na gaba. Malaman kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero da jami'ar Wudil su sa ɗalibai su haɗa wannan zane a aikinsu na kammala karatu. Masu masana'antu kuma, duk wanda ya kawo muku manhaja, ku nemi ya nuna zanen RAM na gwajin kwana uku a jere kafin ku sa hannu a takardar biya.