Bakinmu da Karatun 'Ya'yanmu Mata

 

Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa, barkanmu da wannan zama.

Jama'a, neman abinci ya kawo mu Abuja, amma yanzu 'ya'yanmu nan suka buɗe ido. Ga Jami'ar Abuja da aka kafa a 1988, ga Kwalejin Ilimi ta Zuba, duk a bakin ƙofarmu. Kuɗin makaranta muna biya, alhamdu lillahi. To amma akwai abin da muke rushewa da bakinmu. Yarinya ta ce za ta karanci lissafi ko injiniya, sai mu ce, "Ke, wannan ai karatun maza ne."

Masana halayyar ɗan Adam sun bincika irin wannan magana. A 1999, Steven Spencer da abokan aikinsa biyu sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka. Sun ba ɗalibai maza da mata, duk gwanayen lissafi, jarrabawa mai wuya. Waɗanda aka gaya wa cewa akwai bambanci tsakanin maza da mata a wannan jarrabawa, matansu sun yi ƙasa. Waɗanda aka ce musu babu bambanci, mata suka yi kafaɗa da kafaɗa da maza. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai haka ƙarfi a ko'ina ba. Duk da haka, mu 'yan kasuwa mun sani: yaron shagon da kullum ake ce masa ba ya iya ƙirga canji, hannunsa rawa yake yi.

Sai kuma yadda ake koyarwa. A 2014, Scott Freeman da abokansa sun tattara bincike 225 kan darussan kimiyya da lissafi na jami'o'i. Inda malami ke ta zuba shi kaɗai, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai sun faɗi. Inda ake sa ɗalibai su yi aikin da kansu, su tattauna, su yi tambaya, kusan kashi 22 ne suka faɗi. To ina ga yarinyar da muka tarbiyyantar da kunya, ta zauna can baya cikin ɗaruruwan mutane? In malami bai buɗe mata ƙofar tambaya ba, haka za ta fita da duhunta.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, ta tura su ƙauyuka suna karantar da 'yan taru ta hanyar waƙa, da harshen da matan ke ji. Ta duba ɗalibanta, ta zaɓi hanyar da ta dace da su.

Saboda haka roƙonmu uku ne. Na farko, mu kama bakinmu a gida. Na biyu, in yarinya ta dawo hutu, kada mu tsaya a "nawa kika ci?" Mu tambaye ta ko tana samun damar yin tambaya a aji. Na uku, ƙungiya ta nemi 'ya'yanmu mata da suka gama, su riƙa zama da ƙannensu ranar Asabar suna bita tare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.